Ina Shekara Ukun Auta Suka Shiga?

Yara biyu 'yan layi ɗaya a Keffi suka rubuta jarrabawar JAMB a 2017, kowannensu yana son karatun lauya. Namijin ya samu gurbi a wata jami'ar tarayya. Macen, 'yar kawuna ce da muke kira Auta, aka kai ta jami'ar kuɗi. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya cinye wa yaron wata tara, na 2022 ya ƙara cinye masa wata takwas, ga kullen korona a tsakani. Ita kuwa Auta ba ta san zaman gida na yajin aiki ba. Ko lokacin kulle, ta waya da kwamfuta aka ci gaba da ba su darasi. Ta kammala a ƙarshen 2022, shi sai 2024. Amma a 2025 shi aka yi wa walimar zama lauya, ya fito da baƙar riga da farar hular nan tasu, ita tana cikin masu zuba wa baƙi shinkafa.

Kawu ɗan kasuwar riɗi ne da agushi. Bai yi boko mai nisa ba, amma ba a cutarsa a awo. Fili ya sayar a bakin hanyar Abuja don ya kai yarinyar inda ba a yajin aiki, wato abin da ya saya da kuɗinsa lokaci ne. Bayan walimar ya aika a kira ni. Na tarar ya baje wata tsohuwar jaka a kan tabarma, cike da takardu.

"Kai da ka yi boko, zauna ka duba mini," in ji shi. "Shekara biyar aka ce. Na biya ta biyar cif. Ga mu a ta takwas, ba lauya ba dalilinsa. Wa ya ci ukun?"

Kafin in taɓa jakar, unguwa ta riga ta yanke hukunci. Wasu sun ce yarinyar faɗuwa ta yi take ɓoyewa, don 'ya'yan makarantun kuɗi ba karatu suke yi ba. Wata gwaggonmu ta ce hannu ne, a nemi taimako wurin malamai. Zancen faɗuwa bai ɗauki lokaci ba. Takardar sakamakonta tana nan da hatimi, digiri mai daraja ta biyu ta sama, ba kwas ko ɗaya da ta bari a baya. Maganar hannu kuma ba a cikin jaka ake warware ta ba, na bar wa gwaggo.

Zargin da ya fi tsorata Kawu shi ne ko makarantar ce ta bogi. Yana da dalili. A Disamba 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, abin da ya sa a Janairu 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri na Jamhuriyar Benin da Togo. Tun daga nan duk uban da ya biya kuɗi mai nauyi ya shiga zullumi. Na nuna wa Kawu takardar kammala hidimar ƙasa da Auta ta yi a 2023, na ce ai ba a tura ɗalibin makarantar bogi hidima. Auta ce daga bakin ƙofa ta tare ni, da ma taubasai muke, ba ta raga mini.

"Yaya, ai shi ma ɗan jaridar da takardar bogin ya shiga hidimar ƙasa."

Gaskiyarta. Sai muka bi hanyar da ta fi tsawo. Muka buɗe shafin hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ga sunan makarantar cikin masu lasisi. Muka duba jerin kwasa-kwasan da hukumar ta tantance, ga fannin shari'a a ciki. Sunan Auta yana cikin rajistar ɗaliban da JAMB ta amince da shigarsu. Makaranta ta gaske, digiri na gaske.

A nan zan ce wani abu kan sunan makarantar, don mai karatu ɗan Keffi zai fara hasashe. Wanda ya tashi daga nan ya nufi Mararraba zai bar Jami'ar Jihar Nasarawa a bayansa, wadda ta fara aiki a 2002 zamanin Gwamna Abdullahi Adamu, ya wuce Jami'ar Bingham ta cocin ECWA da aka kafa a 2005 a yankin Karu, ga Mewar a Masaka, ga Ave Maria a Piyanko, in ya shiga Abuja ga Nile da Baze da Veritas. Ba ɗaya daga cikinsu ba ce. Makarantar Auta a wata jiha take, kuma ba zan kama sunanta ba. Na lissafo waɗannan ne don a ga yadda kasuwar ta bunƙasa. A 1999 jami'o'i uku kacal aka fara bai wa lasisi, Igbinedion da Babcock da Madonna. Yau masu zaman kansu sun haura 140, sun fi na tarayya da na jihohi yawa ko an haɗa su, alhali ɗaliban da ke cikinsu ba su kai kashi 10 cikin 100 na ɗaliban jami'o'in ƙasar ba. Makarantu da yawa ke neman ɗalibai kaɗan masu iya biya. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai na koma zargin bashi. Sananne ne cewa jami'a ba ta sakin sunan ɗalibin da take bi ko sisi, kuma yara sukan ɓoye wa iyaye irin wannan. Na zazzage rasit ɗin gaba ɗaya na jera su shekara-shekara. Wannan aikin ne ya fi cin lokaci, kuma shi ya fi buɗe mini ido.

Takardar talla da aka ba Kawu a 2017 tana nan, mai sheƙi, da hoton ɗalibai suna dariya a kan ciyawa. Adadi ɗaya ne a jikinta: kuɗin karatu na shekara. Da wannan adadin ya yi lissafinsa, ya ninka sau biyar, ya ga kuɗin fili zai isa har da saura. Rasit ɗin kuwa labari dabam suke bayarwa. Kafin ma a shiga aji akwai kuɗin karɓar gurbi, wanda ba a mayarwa. Akwai na ɗakin kwana, kuma dole ne a zauna a cikin makaranta. Akwai na abinci, don an hana girki a ɗaki, sai dai a saya a kantin makaranta a farashin da suka ga dama. Ga na asibiti, na intanet, na ɗakin karatu, na wasanni, na katin shaida, na "raya makaranta". Ɗaliban lauya suna da nasu na musamman: baƙi da farin tufafin da ake shiga aji da su, littattafan shari'a masu tsada, liyafar cin abinci ta ɗaliban shari'a. A shekarar ƙarshe ga na kundin bincike, na rigar yaye, na takardar wanke kai, na satifiket ɗin kansa. Kuɗin karatun ma bai tsaya inda aka faro ba. Kusan kowace shekara sai wasiƙa ta zo mai farawa da "saboda halin da tattalin arziki yake ciki". Da na tara komai, ban da kuɗin mota da na kashewa, abin da Kawu ya biya ya kusa ninka abin da ya lissafa tun farko. Kuɗin fili ya ƙare a shekara ta uku. Ta huɗu da ta biyar daga jarin riɗi suka fito, shi ya sa har yau bai koma sayen kaya da mota guda ba, sai buhu-buhu.

Amma bashi, babu. Takardar wanke kai tana nan, kowane ofis ya sa hannu.

Duk da haka rasit ɗin sun ba ni abin da ban je nema ba. Sun nuna makarantar da kullum take cikin yunwar kuɗi. Ba lalle zalama ce kawai ba. Asusun TETFund, wanda ke gina ajujuwa da ɗakunan gwaji da tura malamai ƙaro karatu daga harajin ribar kamfanoni, makarantun gwamnati kaɗai yake yi wa aiki. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 shi ma ɗaliban makarantun gwamnati ake ba. Jami'ar kuɗi ba ta da inda za ta juya sai aljihun iyaye: albashin malamai daga nan, dizal na janareta daga nan, kuma farashin dizal ya fi ninki a 2022 kaɗai. A irin wannan makaranta kowane kai ɗaya kuɗi ne, kuma kwas ɗin da iyaye suka fi rububi shi ne lauya da likita. Na ajiye wannan a raina, ban san inda zan liƙa shi ba tukuna.

Na tambayi Auta abin da makarantar take ce musu. Ta nuna mini saƙonni a wayarta. Kowace shekara amsa ɗaya: a yi haƙuri, sunanki yana cikin rukuni na gaba, matsalar daga Bwari ce, wuri ya yi kaɗan. Bwari nan ce hedikwatar Makarantar Koyon Aikin Lauya, wadda dole duk mai digirin shari'a ya ratsa ta kusan shekara guda, ya ci jarrabawarta, kafin a kira shi lauya. Tana da rassa a Legas da Inugu da Bagauda ta Kano da Yola da Yenagowa da Fatakwal, kuma gaskiya ne masu nema sun fi kujerun yawa. Amma wannan uzurin yana da ɓaraka ɗaya babba, ga ta nan a layinmu: in wuri ne ya yi kaɗan ga kowa, ta yaya yaron da ya gama shekara biyu bayanta ya samu kujera nan take?

Akwai wani dattijon lauya da ke da ofis ba nisa da Babbar Kotu, abokin marigayi mahaifina. Na kwashi takardun na kai masa. Ya saurare ni har na gama, bai taɓa ko takarda ɗaya ba.

"Ɗana, su nawa ne a ajinsu?"

"Ranka ya daɗe, ban tambaya ba."

"To je ka tambayo. Sauran duk ɓata tawada ne."

Ya ƙi ƙara ko kalma, sai da na matsa. Sannan ya yi mini bayanin abin da ba ya cikin kowace takardar talla. Karatun lauya ƙofa biyu gare shi, kuma masu tsaronsu dabam-dabam ne. NUC ita ke cewa wannan jami'a ta isa ta ba da digiri. Amma Majalisar Kula da Ilimin Lauya, wadda Makarantar Koyon Aikin Lauya take ƙarƙashinta tun dokar 1962, ita ke yanke wa kowace tsangayar shari'a kasonta, wato adadin ɗaliban da za ta ɗauka a shekara, bisa yawan malamanta da littattafanta da ajujuwanta. Wannan adadin ne kuma majalisar take karɓa daga jami'ar in sun gama. Tsofaffi irin su ABU Zariya kasonsu ya haura 200. Sababbi da yawa 50 ake ba su. Jami'a tana iya rufe ido ta ɗauki ninkin kasonta, ta koyar da su, ta yaye su, digirinsu kuma ingantacce ne, har su yi hidimar ƙasa. Sai dai a ƙofa ta biyu ba a ƙirga digiri, kujerun jami'ar ake ƙirgawa.

Amsar tambayarsa tana cikin jakar Kawu tun farko, na ɗaga ta na ajiye gefe don na ɗauka ado ce: littafin bikin yaye ɗalibai, mai jerin sunayen duk waɗanda suka gama. Na buɗe shafin tsangayar shari'a na bi da yatsa. Na wuce 50 ban kai tsakiya ba. Sun tasam ma 130. Jerin kason da majalisar take fitarwa kuma ya nuna makarantar 50 aka ba ta. Auta ta kira ƙawayenta da suka riga ta gamawa, suka turo hotunan nasu littattafan. Rukuninta shi ne na uku da tsangayar ta yaye, kuma biyun farko ma yawansu ke nan.

Kawu bai buƙaci alƙalami ba. Da baki ya yi lissafin, kamar yana ƙirga buhunan da mota ta bari a kasuwa. Rukunin 2020 su 130, an tafi da 50, saura 80. Na 2021 suka zo suka tarar da 80, suka zama 210, aka tafi da 50, saura 160. Ranar da Auta ta sa rigar yaye ana ɗaukarta hoto, mutum 160 ne tsaye a gabanta. A ɗebe 50 a 2023, 50 a 2024, 50 a 2025.

Ya yi shiru. Can ya ce, "Ga ukun nan."

Ba ita kaɗai ba ce, ba kuma sirri ba ne. A Nuwamba 2023 majalisar ta sanar da hana Jami'ar Baze ta Abuja ɗaukar ɗaliban shari'a na shekara biyar, tana cewa kasonta 50 ne amma ta tara fiye da mutum 300 masu jiran shiga makarantar lauyoyi. A Janairu 2025 JAMB ta ce ba za ta ba da gurbin karatun shari'a na zangon 2025/2026 a jami'o'i takwas ba saboda majalisar ta dakatar da su. Cikinsu akwai Bingham ta nan kusa da mu, amma akwai kuma Jami'ar Jihar Kwara da ta Jihar Taraba da Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil. Wato cutar ba ta makarantun kuɗi ba ce kaɗai. Bambancin shi ne a makarantar kuɗi kowane ɗalibin da ya haura kaso miliyoyi ya shigo da su, don haka jarabar ta fi ƙarfi, asarar iyaye kuma ta fi zafi. Abin da na ajiye a raina lokacin duba rasit ya sami wurinsa. Haka tsarin yake a likitanci, inda majalisar MDCN ke yanke kaso, haka a aikin jinya da haɗa magunguna. Duk sana'ar da ke da majalisar da ke ba da lasisi, tana da ƙofa ta biyu.

Saura tambaya ɗaya da ta tsaya mini. Me ya sa tun farko ba su tafi jami'a ɗaya da yaron maƙwabta ba, tunda ita ma can ta nema? A can ƙasan jakar na ga amsar, wata takarda da aka buga daga shafin JAMB, ta yi laushi don ninkewa. Jami'ar tarayyar ta ba ta gurbi, amma a fannin tarihi. Makinta bai kai inda aka yanke wa masu neman shari'a a shekarar ba.

"Kawu, wannan fa?"

"Wulaƙanci ne," ya ce. "Don ba mu da kowa. Waccan kuwa muna zuwa, ko mako ba a yi ba suka ba ta lauya."

Ba zan rantse cewa ba a son kai wajen rabon gurabe a jami'o'in gwamnati ba, kowa ya san ana yi. Amma ko da an yi adalci tsantsa, kujerun ƙidayayyu ne, kuma wani sai ya rasa. Jami'ar da ta ce wa Auta babu wuri, iya kujerunta na Bwari ta ɗiba, shi ya sa yaron da ta ɗauka yana gamawa ya wuce. Wadda ta ce bismillah cikin mako guda, kujerar da ba ta da ita ta sayar. Layin da Kawu ya biya don 'yarsa ta tsallake a bakin shiga, ba soke shi aka yi ba, mayar da shi aka yi bakin fita.

In za a faɗi ainihin kuɗin wannan digiri, rasit ba su isa ba. A sa filin, wanda yanzu jerin shaguna ne, kuma duk mai bin hanyar Abuja ya san abin da filaye suka zama tun da birnin ya fara tunkuɗo mutane ta Mararraba da Masaka zuwa nan. A sa jarin da ya karye. A sa shekara uku na albashin da ba a karɓa ba. Abin da ya shigo hannun Auta daga digirin zuwa yau shi ne alawus na hidimar ƙasa, Naira 33,000 a wata a lokacin, wato 396,000 a shekara, da ɗan abin da wata firamare mai zaman kanta take ba ta yanzu. A sa shekarun haihuwa: ta shiga tana da 18, yanzu 26, kuma bankuna da manyan kamfanoni sukan yanke shekarun sabon ma'aikaci a nan kusa. Makarantar lauyoyin ma in an samu ba kyauta ba ce, wasu ɗaruruwan dubbai ne ke jira. Maganar masu zuwa neman aure da ake ta cewa su dakata, wannan ta cikin gida ce.

Ba ina cewa jami'ar kuɗi damfara ba ce. Abin da take sayarwa na haƙiƙa shi ne kalanda mai tafiya daidai, da ajin da ba a tsayuwa a taga, da ɗan natsuwar iyaye kan tsaro, musamman iyayen 'ya mace. Wanda ya taɓa ganin ɗansa zaune a gida wata takwas yana jiran gwamnati da malamai su shirya ba zai raina wannan ba. Abokiyar ɗakin Auta da ta karanta kimiyyar kwamfuta ta gama a shekara huɗu cif, tana aiki a Abuja, babanta ya sami abin da ya biya. Ilimin kansa kuwa ba na jin tazarar ta kai yadda farashi yake nunawa, tunda da yawa daga malaman da ke koyarwa a can na jami'o'in gwamnati ne da ke zuwa aikin wucin gadi. Hukuncina shi ne: a kwas ɗin da digiri kaɗai ya isa a fita neman aiki, mai hali ya biya, ya kuma ninka abin da aka rubuta a takardar talla kafin ya ce zai iya. A kwas mai ƙofa biyu kuwa, saurin ba da gurbi ba alheri ba ne, abin tuhuma ne.

Makarantar ta ce wa Auta 2026. Bisa lissafin Kawu, mutum 10 na rukunin baya za su fara shiga, sannan a zaɓi 40 daga cikin su 130.

Kirana ga JAMB da NUC da majalisun sana'o'in nan shi ne a tilasta wa kowace jami'a, ta gwamnati da ta kuɗi, ta buga kasonta da yawan masu jiran layi a jikin takardar ba da gurbi, kuma a daina barin horon ya faɗa kan ɗaliban da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Kafin a yi haka, kai uba ko uwa da ke shirin kai yaro karatun lauya ko likita ko jinya, ka nemi kason makarantar daga majalisar sana'ar, ba daga bakin mai talla ba. Ka nemi littafin yaye ɗalibai na bara ka ƙirga sunayen da kanka. Ka sami wanda ya gama shekara biyu da suka wuce ka tambaye shi inda yake yanzu. Ka yi duk wannan kafin ka biya kuɗin karɓar gurbi, don shi ba a mayarwa.